Kafaɗar Illa Kasko

Tun ɗazu nake jin ku kuna gardama a kan ɗan balon nan, ɗan ƙwallon ƙafa na cikin tele, wanda kunka ce ba ya wata biyu ba a fitar da shi fili a ɗauke ba. Rabinku sun ce jikinshi ne ba ƙwari, rabi sun ce sa'a ce ba shi da ita. Na kuma ji wanda ya ce ai ɗori ba wani aiki ba ne, a ja a ɗaure, ƙashi shi ke haɗa kanshi. Ban san ɗan balonku ba, ban taɓa ɗora hannu bisa gwiwarshi ba. Amma na yi shekaru ina bin 'yan kokowa tsakanin Buza da Keita da Madawa da damin karana a kafaɗa, kuma akwai mutum guda da anka yi irin wannan gardamar a kanshi har ta raba garinmu biyu. Sunanshi Illa. Kafin in kai gare shi, sai kun ji yadda hannun nan ya koyi aiki.

Aikina na farko ƙafar akuya ce, akuyar ma matatta. Wan babana, wanda muke kira Baba Babba, shi ke ɗori a garinmu, nan kusa da Allakai. Ranar kasuwa sai ya karɓo ƙashin ƙafa wurin mahauta, ya karya shi da bayan gatari, ya jefa cikin jakar fata mai dussa, ya ɗaure baki, ya girgiza, ya miƙo mani ya ce, "Arzika, haɗa." In lalaba ta bayan fata, ban ganin komi. In na ce na gama, ya kwance ya duba. In baki bai hau baki ba, ya sake girgizawa ya miƙo, ko kallona bai yi. Damina biyu na yi a kan jakar nan kafin ya bar ni in taɓa tunkiya mai rai, sannan wata shekara guda kafin ya bar ni in riƙe hannun mutum, shi yana ja. Ranar da na fara ja da kaina ya riga ya fara makancewa. Ya zauna gefe, ya ɗora yatsunshi bisa nawa, da su yake jin abin da nake yi.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane da ƙa'idarshi. Kara na dawa ne, ba na hatsi ba, wato gero, na hatsi yana lanƙwasa. A zaɓi wanda ya bushe a tsaye, a fere shi, a yanka daidai tsawon gaɓa, a saƙa da zare ya zama kamar ƙaramin asabari. Cinya kam kara ba ya riƙe ta, sai tsagin itace. Sai auduga da ake shimfiɗawa ƙarƙashi don kada kara ya ci fata, sai tsumma mai tsabta, sai man shanu na shafawa, sai ruwan ɗumi. Wuyar duka tana wurin ɗauri. In ya yi sako-sako ƙashi ya goce, mutum ya warke a karkace. In ya yi tsauri jini ya tsaya. Bayan kowane kwana uku sai an kwance an duba an sake, shi ya sa mai ɗori ba ya zama wuri guda.

Akwai wata yarinya da anka kawo mani daga wajen Sabon Gida, ta faɗo daga bisa jaki. Maƙwabcinsu ya ce ya sha ganin ana ɗori, ba sai an wahala an nemi kowa ba. Ya ja, ya ɗaure da igiyar kaba, tam, ya bar ta kwana shida. Da na kwance, yatsun sun yi baƙi, wari ya tashi. Ban ƙara taɓa ta ba, na ce da ubanta ya nemi mota zuwa likita a Madawa yanzu yanzu. Ta rayu, hannun ne bai rayu ba. Ni kaina akwai abin da ba ni taɓawa. In ƙashi ya huda fata ya fito, wannan na likita ne, can nake turawa. Majon Buza, babban ma'aikacin jinyar da ke can, shi ma in gocewa ta gagare shi yakan aiko a kira ni ta ƙofar baya.

Masu zuwa gare ni iri-iri ne: mai haƙar rijiya da ƙasa ta rufta mashi, Buzun da raƙumi ya kayar, mace da ta zame da tulu bisa duwatsu. Amma da an ɗaure hatsi an sa rumbu, makaɗa sunka fito, to ba ni ƙara kwana uku a ɗakina. Yau kokowa a wannan gari, jibi a wancan. In akwai kamiyon kasuwa, babbar motar kaya, in hau, in babu in bi jaki, in babu jaki ƙafata na nan. Da la'asar za ka gan ni bakin fili da karana da tulun ruwa, ina kallon abin da ba kowa ke kallo ba. Jama'a na kallon wa zai faɗi, ni ina kallon yadda zai faɗi.

Illa ɗan garinmu ne, manomi ɗan manomi, na girme shi da kamar shekara goma. Dogo ne, ba shi da ƙiba, amma ƙafarshi da sauri. Sauran 'yan kokowa sukan tsaya su haɗa goshi suna ture-ture har rana ta yi ja. Shi ba ya iya tsayawa. Kafin ka gama gyara walki ya shige ƙarƙashinka. Shekararshi ta farko ya kada duk wanda ke yankinmu, har mata sunka fara sa sunanshi cikin waƙar daka.

Ciwonshi na farko a wani gari ne kusa da Tamaske. Kun san ƙasar Adar, rairayin sama ne kawai, ƙarƙashi dutse ne. Masu fili ba su share da kyau ba. Illa ya ɗaga abokin karonshi ya kai shi ƙasa, sunka faɗi tare, kafaɗarshi ta dama ta sauka bisa wani dutse da ke ɓoye. Ya tashi ya yi nasara, amma hannun na reto. Na kwantar da shi bayan taro, na sa diddigena cikin hammatarshi, na riƙe wuyan hannun na ja a hankali, ina juyawa, har na ji ƙwas, ta koma. Na bi ƙashin da yatsu tun daga wuya har gwiwar hannu. Ƙashi ne mai kauri, mai nauyi, babu abin da ya same shi. Gocewa ce kawai. Na ɗaure hannun a ƙirji na ce mashi, "Kwana arba'in. Ko buta kada ka ɗauka da shi."

"Arba'in, Yaya? Ai kokowar bana ta ƙare ke nan."

"Ta baɗi na nan."

Zama shi ne abin da Illa bai iya ba. Kwana biyar na same shi bakin rijiya yana ja wa tsohuwarshi guga da hannun hagu. Kwana takwas na same shi yana zagaya fili shi kaɗai, yana ture iska da ƙafa. In ya zauna a majalisa gwiwarshi na rawa. Ana cikin haka mutanen wajen Tamaske sunka aiko cewa suna tafe da gwarzonsu, wani ƙato mai suna Nomau, wanda ya shekara da shekaru yana kokowa ko yatsa bai taɓa targaɗewa ba. Makaɗansu har sun fara cewa garinmu ya ɓoye ɗan kokowarshi cikin zanen mata.

Rana ta goma sha huɗu Maigari ya aiko kirana. Na tarar da dattawa zaune, Illa tsaye a gefe da hannu a ƙirji.

"Arzika, wanga yaro ya warke ko bai warke ba?"

"Ranka ya daɗe, zafin ya tafi, amma jijiyar ba ta kama ba tukuna."

"Mi ya rage?"

"Kwana ashirin da shida."

Wani dattijo ya ce lokacin Baba Babba mako biyu ake yi a tashi. Ba gaskiya ba ne, amma Baba Babba ya rasu, ba mai ƙaryata shi. Illa ya ce, "Yaya, ka kwance ni, ko in kwance da haƙori." Maigari bai ce in kwance ba, ya dai ce mutuncin gari na hannuna. Ni kuwa sabo ne a lokacin, ina son a ce ɗorin Arzika ba ya daɗewa. Na kwance. Ba wanda ya riƙe mani hannu, ni na kwance.

Ya shiga ya kada Nomau kafin makaɗa su gama kirarinshi. Gari ya ɗauka, anka ɗaga shi sama, ni ma anka sa sunana cikin waƙa. Mako uku bayan haka, a wani ƙaramin fili, ya sunkuya zai ɗaga wani yaro da bai kai rabin Nomau ba, kafaɗar ta fita. Ba dutse, ba faɗuwa, ba wanda ya buge shi. Da na mayar da ita na ji abin da nake tsoro. Ta shiga da sauƙi. Gaɓar da ta shiga da sauƙi, da sauƙi za ta sake fita.

Daga nan abu ya bi abu. Shekarar da ta biyo ya sauya kamu, yana ɓoye dama yana gabatar da hagu. Ranar da anka ture shi a Allakai, maimakon ya sauka bisa kafaɗa kamar kowa, sai ya tokare da tafin hagu don ya kare dama, wuyan hannun ya karye. Wannan karaya ce ta gaske, ƙashi biyu. Na ɗora shi, wannan karon ya cika kwanakinshi, don na ce da tsohuwarshi in ya kwance ba ni ƙara taka gidansu. Ya haɗe sumul. Wata shekarar, da yake hannuwa sun rage ƙarfi, ya koma harɗe da ƙafa, wani mai nauyi ya faɗa mashi bisa gwiwa, ta kumbura kamar ƙwarya. Wata biyu yana ɗingishi. Sai kuma abin da ya ɗaure wa kowa kai: muna cikin kamiyo za mu Madawa, mutane cike, direba ya taka birki saboda raƙumi, buhun albasa ya gangaro daga sama. Duk wanda ke cikin motar ya sauka yana dariya, ban da Illa. Haƙarƙari biyu.

A lokacin ne wani makaɗi ya laƙa mashi Kasko, wai da an taɓa shi ya fashe. Sunan ya bi shi har yara na faɗi. Gari ya rabu. Wasu sun ce jikin ne, haka Allah ya yi shi, ƙashinshi na kara ne, tsawon banza. Wasu sun ce ai wanda ya kada Nomau ba a kiranshi mai ƙashin kara, jifa ce anka yi mashi, ko kuwa rashin sa'a ne tsagwaronshi, su kawo maganar buhun albasa. Tsohuwarshi tana ɓangare na biyu. Ta sayar da akuyarta ta bi malamai, layu sunka yi yawa a damtsenshi har ina rasa inda zan ɗaura tsumma. Kowa in ya gan ni sai ya tare ni ya ce, "Kai ka taɓa shi, faɗa muna." Ni kuwa in ce ina sauri, ana jirana. Kullum kuma da gaske ana jirana.

Majon Buza ma abin ya dame shi. Ya rubuta takarda ya tura Illa Tawa a yi mashi radiyo, hoton ƙashi. Da hoton ya dawo ya kira ni, ya ɗaga shi wajen taga, ya nuna mani inda na ɗora. Ya ce, "Maɗori, wanga ƙashi ya fi nawa ƙwari. Amma dubi nan." Ya sa biro bisa kafaɗar. Ban iya karanta hoto ba, sai dai abin da ya nuna yatsuna sun daɗe da saninshi.

Wata rana a kasuwar Tamaske na samu Nomau yana shan hura, na zauna na tambaye shi yadda ya yi bai taɓa zuwa hannuna ba. Ya yi dariya ya share baki.

"Maɗori, ni in na ji ƙafata ta bar ƙasa, na ba da kaye. In saki jiki in faɗi, in kaɗe walki, gobe ma akwai fili. Illanku in an ɗaga shi sama sai ya riƙa juyi kamar kyanwa, ba shi yarda. Kuma kafin a fara nakan zagaya fili ba takalmi. In na taka tsakuwa sai cikina ya fara ciwo, in koma gida."

"Ba ka jin kunya?"

"Kunya kwana biyu take yi."

Zamanin ne gwamnati ta shigo cikin kokowa, ana zaɓen waɗanda za a kai Tawa, daga can a fitar da masu wakiltar jiha. Anka sa ranar zaɓe a Buza. Wannan shi ne abin da Illa ke jira tun yana yaro. Da safe ina saƙa kara a zauren da anka sauke mu sai ga shi, ya ajiye tsumma sabo a gabana.

"Yaya, ɗaure mani ita. Ka matse yadda ba za ta motsa ba."

"Ba ni ɗaurewa. Ta fita sau huɗu da na sani, ban san wanda ka ɓoye ba."

"Shida."

"To ka ji. In ta fita yau cikin kamu, ba lalle hannun ya ƙara ɗaguwa ba."

Ya tashi, ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya sake tashi. Sannan ya tsuguna gabana ya ce, "Tsakaninka da Allah, faɗa mani. Ni ne, ko ƙaddara ce? Kowa na faɗin nashi, kai kaɗai ba ka ce komi ba."

Na ajiye karan. Na ce mashi dutsen Tamaske ƙaddara ce, buhun albasa ma haka. Sauran kuwa duk daga rana guda sunka fito, ranar da na kwance shi a zauren Maigari da saura kwana ashirin da shida. Wuyan hannu kafaɗar yake karewa, gwiwa hannuwan take karewa. Na ce ƙashinka ba shi da laifi, Illa, hannuna ne.

Ya ɗauki tsumman yana murzawa. Can ya ce, "Kai ka kwance, amma ni na ce ka kwance. Da ka ƙi, da daren nan na yanke da wuƙa." Ya ɗago kai. "Yanzu in na koma gida ban shiga ba, mi za su kira ni?"

Shi ya ba kanshi amsa.

"Kasko. In na shiga na karye, Kasko. To gara in shiga. In ba ka ɗaure ba haka nan zan shiga."

Na san zai aikata. Na ɗauki tsumman na bi ta hammata na zagayo ƙirji, na sake zagayowa, na matse iyakar abin da jini zai yarda. Na ce kada ya ɗaga kowa da dama, ya yi ta harɗe da ture. Ya ce to.

Filin Buza an zuba rairayi mai kyau, ga jandarma na tsare da taro, ga manya a rumfa. Na farko Illa ya harɗe shi cikin ƙiftawar ido. Na biyu ya ba shi wuya, sunka daɗe, har Illa ya samu ƙafa ya tura shi. Na ga yana taɓa kafaɗa yana murmushi. Na uku, wanda duk ya ci zai tafi Tawa, anka kira Nomau. Nomau ya san kafaɗar kamar yadda na san ta, amma bai nufe ta ba, ya dai tsaya ya baje ƙafa ya ƙi ba da harɗe. Sunka yi ta zagaye. Jama'a na ihu, makaɗin nan yana kiran Kasko, Kasko. Na ga gwiwar Illa ta fara rawar nan tata, na san ya gaji da jira. Ya nutse ƙasa, ya rungumo cinyoyin Nomau da hannu biyu, ya ɗaga. Wallahi ƙafafun Nomau sun bar ƙasa, kowa ya gani. Saura ya juya shi kawai. Sai hannun dama ya saki.

Nomau ya sauko bisa ƙafafunshi. Da ya ga dama da ya faɗa mashi da nauyinshi duka. Sai ya rungume Illa ta ƙugu, ya kwantar da shi ƙasa a hankali kamar mai ajiye tulu, ya juyo yana kira, "Maɗori! Ina Maɗori?" Anka busa usur, anka ɗaga hannun Nomau. Ni kuwa na yanke tsumman na mayar da kafaɗar nan a tsakiyar fili. Ko ƙara ba ta yi ba. Na ɗaure shi wata biyu, ya zauna, karon farko ba wanda ya roƙe shi zama. Da na kwance, hannun yana noma, yana ɗaukar kaya a ƙasa, amma bai ƙara wuce tsayin kafaɗa ba. Kokowarshi ta ƙare nan.

Daminar da ta biyo ruwa ya ƙi. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ba wanda ya buga ganga a shekarar. Maza sunka watse, har da Illa, wasu Nijeriya, wasu Abijan, gari ya koma na mata da tsofaffi. Aikina kuwa ƙaruwa ya yi, kayan aiki sunka ɓace. Karan dawa babu, dabbobi sun cinye har na darni. Na riƙa zare tsofaffin asabari daga ƙofofin waɗanda sunka yi ƙaura, in babu in yanka kwalin kayan taimako in ninka. Man shanu babu, shanun sun mutu. Masu karaya kuwa kullum: wanda ya hau gawo zai sassabo wa awaki ganye jiri ya ɗebe shi, wanda ya shiga rijiya zai ƙara mata zurfi. Abin da ya fi tayar mani da hankali, ƙashi ya daina haɗuwa. Karayar da na saba kwancewa kwana arba'in, sai in je wata uku in taɓa in ji tana motsi. Na ɗauka hannuna ne ya lalace, sai majo ya ce mani su ma haka suke gani a likita. Jikin da bai ci ba ba shi da abin da zai yi gini da shi.

Cikin shekarar ne anka aiko mani daga Tamaske. Na yi yini guda a ƙafa, na shiga ɗaki na tarar da Nomau kwance. Da ƙyar na gane shi, damtsen nan ya koma kamar na yaro. Ya je karɓo rabon dawa, ya diro daga bayan kamiyo da ɗan buhu a ka. Tsayin bai kai ƙuguna ba. Cinya ta karye gida biyu. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar ana ɗaga shi ana bugawa da ƙasa bai ji komi ba. Wata huɗu ina zuwa ina dawowa, ta haɗe, amma ƙafar ta gajarta. Ya ce mani, "Maɗori, na zagaya fili duka, ban zagaya bayan mota ba." Mutanen garinsu sunka ce sa'arshi ce ta ƙare. Ni na ga tukunyar gidan, na san matarshi da ɗiyanshi yake bar wa rabonshi.

Bayan yunwar anka buɗe aikin gyaran ƙasa a tuddan Keita. Ana tara duwatsu ana jera su layi-layi a gangare don su tare ruwa, ana ba ma'aikata abinci. Yawancinsu mata ne, mazan ba su dawo ba. Wata rana da hantsi anka zo da mota anka ɗauke ni, wai dutse ya gangaro wa wata mata bisa ƙafa. Na tarar da ita ƙarƙashin wata 'yar bishiya a gindin tudu. Na tambayi yadda ta sauko daga can sama, sunka nuna mani wani dogo da ke tsaye yana shan ruwa, sunka ce shi ya goyo ta. Ya juyo, sai ga Illa. Na fi shekara biyu ban gan shi ba, tun da ya bar gari.

Sai da na gama da matar, ƙasusuwa biyu ne na bayan ƙafa, sannan munka gaisa. Na ce ya kawo kafaɗar in ji. Ya miƙo yana dariya. Nama ya cika ta, ta yi tauri, amma da na ɗaga hannun ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Nan ne iyakarta, Yaya. Na saba. Bisa hagu nake ɗauka."

"Ba abin da ya same ka nan?"

"Tun da anka buɗe shantiyen nan, wanga wurin aiki, nake ɗaukar dutse, safe da yamma. Ko farce bai fashe ba." Ya nuna mani hannuwan gaba da baya. "In ka koma gari ka faɗa masu."

"Zan faɗa. Kana zuwa kallon kokowa?"

"A'a. In na ji kiɗa sai in yi nisa. Ƙafata ba ta shawara da ni."

Shef ɗinsu, shugaban aikin, ya busa usur. Illa ya tsuguna, ya mirgino wani dutse da ni ko motsa shi ba zan iya ba, ya ɗora bisa hagu, ya kama hawa. Bai waiwayo ba, saurin nan na ƙafarshi na nan yadda yake.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na faɗa a majalisa, kamar yadda ya ce. Na ce na ga Illa a Keita, shekara biyu yana ɗaukar duwatsu, ya goyo mace daga kan tudu, ko ƙwarzane babu. Wani tsoho ya buga sanda ƙasa ya ce ai dama ya faɗa, jifa ce, da ya bar gari ta sake shi. Na kusa da shi ya ce, "Wace jifa? Dutse ai ba shi kama mutum ya murɗe. A sa shi fili gobe ka gani." Kafin in buɗe baki sun kasu biyu, murya ta tashi, har liman ya leƙo. Ana haka sai ga wani mutum bisa jaki yana tambayar gidan mai ɗori, wai ƙanenshi ya faɗa rijiya a wajen Allakai. Na bar su suna yi, na shiga gida na ɗauko karana.